Tsakiyar Gari a Gefen Birni: Tarihin Garin Reston na Ƙasar Amurka, 1961 zuwa 2022

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bi diddigin yadda aka tsara, aka kuma gina tsakiyar wani gari da ake kira Reston, wanda yake cikin gundumar Fairfax ta Jihar Virginia, kimanin mil 20 yamma da Washington, babban birnin Amurka. Abin da muke nufi da tsakiyar gari a nan shi ne wurin da gidajen kwana da kantuna da ofisoshi da wuraren shaƙatawa suke cuɗanye da juna, har mutum ya iya biyan yawancin bukatunsa na yini da ƙafa, ba sai ya hau mota ba. Wanda ya tashi a cikin tsohon birni, inda tela da mai tireda da malamin makarantar allo suke zaune a lungu ɗaya, zai yi mamakin a ce wannan abu har ya isa a rubuta masa takarda. To amma a yawancin garuruwan da suka tsiro a gefen biranen Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, gina irin wannan wuri saɓa wa doka ne, masu ba da bashin gini kuma ba su cika yarda su sa kuɗinsu a ciki ba.

Mun zaɓi Reston ne domin a can an gwada abin sau biyu a gari ɗaya, da farko a 1965, sa'an nan a 1990, kuma sakamakon ya sha bamban. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne cewa zanen da yake kan takarda shi ne mafi sauƙin aikin. Abin da ya yanke hukunci a kowane mataki shi ne wanda yake riƙe da filin, da kuma iyakar haƙurin kuɗinsa. Har ila yau za mu ga cewa wannan mallaka ta hannu ɗaya, wadda ita ce ta sa aka samu tsakiyar garin, ita ce kuma ta haifar da rigimar da ta biyo baya a kan ko titin na wane ne.

Yadda Aka Raba Gida da Kasuwa

Kafin mu shiga Reston, wajibi ne mu ɗan waiwaya mu ga abin da aka tarar. A shekarar 1926 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar da wani kamfanin filaye mai suna Ambler ya kai ƙaramar hukumar Euclid, a gefen birnin Cleveland. Kotun ta tabbatar wa hukumomin gari ikon keɓe kowane yanki ga aiki guda: nan gidaje, can kantuna, can kuma masana'antu. Asalin manufar ba ta da laifi, watau a nisanta hayaƙin masana'anta daga inda yara suke kwana. Sai dai da tafiya ta yi tafiya, dokar ta kai ga hana ko da ƙaramin kantin burodi zama a tsakiyar gidaje.

Abubuwa biyu suka ƙara wa wannan tsari ƙarfi. Hukumar gidaje ta tarayya da aka kafa a 1934 ta riƙa tsaya wa masu karɓar bashin sayen gida, amma ta fi karkata ga sababbin unguwannin da babu kome a cikinsu sai gidaje, waɗanda kuma mazaunansu farar fata ne zalla. Levittown, a gabashin birnin New York, inda aka gina gidaje fiye da 17,000 tsakanin 1947 da 1951, ita ce misalin da aka fi sani. Daga nan sai dokar manyan hanyoyi ta 1956 ta zo, wadda ta tanadi shimfiɗa mil 41,000, gwamnatin tarayya tana biyan kashi 90 cikin 100 na kuɗin. Ke nan gida ya koma can nesa, wurin aiki yana wani wajen, kasuwa tana wani wajen dabam, ba abin da yake haɗa su sai mota.

A wannan shekara ta 1956 ne aka buɗe Southdale a gefen birnin Minneapolis, watau rufaffiyar kasuwa mai na'urar sanyaya iska da ɗumama ta, kewaye da makeken filin ajiye motoci. Wanda ya zana ta, Victor Gruen, mutumin Vienna ne da ya yi gudun hijira a 1938, kuma nufinsa shi ne kasuwar ta zama cibiyar da gidaje da makarantu da wurin shan iska za su kewaye. Masu kuɗi suka ɗauki kasuwar suka bar sauran. A 1978, cikin wani jawabi da ya yi a Landan, Gruen ya barranta kansa daga abin da aka mayar da tunaninsa. Wannan labari nasa ya kamata mu riƙe shi, domin kusan irinsa ne ya sami mutumin da za mu yi magana a kansa yanzu.

Simon da Dandalin Tafkin Anne

Robert E. Simon ɗan birnin New York ne, an haife shi a 1914. Danginsa su ne suka mallaki Carnegie Hall, shahararren zauren kiɗan nan, wanda aka sayar wa hukumar birnin a 1960 a kan dala miliyan 5. Da rabonsa na wannan kuɗi, da kuma bashi mai yawa, ya sayi gona mai faɗin eka 6,750 a gundumar Fairfax a 1961. Sunan garin ma daga haruffan farko na sunansa aka ciro shi. Ba da ka ya shigo harkar ba, domin mahaifinsa yana cikin waɗanda suka sa hannu a ginin Radburn a Jihar New Jersey a ƙarshen shekarun 1920, unguwar da ta yi suna wajen raba hanyar masu tafiya a ƙasa da hanyar motoci.

Aikinsa na farko bai shafi bulo ko siminti ba. Sai da ya shawo kan hukumar gunduma ta yi sabuwar doka a 1962, wadda ta ƙayyade yawan mutanen da garin gaba ɗayansa zai ɗauka, amma ta bar wa mai tsarawa damar tara gidaje a wani wuri, ya bar daji da fili a wani wuri, ya kuma ɗora gida a kan kanti in ya ga dama. In ba don wannan doka ba, da duk abin da za mu ambata a gaba bai halatta ba. Tsarin da kamfanin masu zane na Whittlesey da Conklin ya fitar ya tanadi gari mai mutum kimanin 75,000, an kasa shi ƙauyuka bakwai, kowanne da ɗan dandalinsa na kantuna wanda za a iya zuwa da ƙafa, sa'an nan a tsakiya an ware babban fili domin cibiyar garin duka. Simon ya kuma shelanta cewa garin a buɗe yake ga kowane launin fata. A Virginia ta wancan lokaci wannan magana ba ƙarama ba ce, in muka tuna cewa gundumar Prince Edward ta jihar ta gwammace ta rufe makarantun gwamnati daga 1959 zuwa 1964 da ta haɗa yaran baƙaƙe da na farare a aji ɗaya, kuma dokar tarayya da ta hana wariya wajen sayar da gida ba ta zo ba sai 1968.

Dandalin farko, wanda James Rossant ya zana, an buɗe shi a ƙarshen 1965 a bakin wani tafki da aka haƙa aka sa masa suna Anne. An ce garin Portofino na bakin teku a Italiya aka kwaikwaya. Gine-ginen sun yi zobe kamar kofaton doki suna fuskantar ruwa, kantuna a ƙasa, gidajen kwana a sama, ga dogon bene mai suna Heron House a gefe, ga coci, ga wuraren wasan yara. Mota ba ta shiga dandalin. A baya ake ajiye ta. Masana zanen gine-gine daga ƙasashe da dama suka yi ta zuwa kallo, jaridu suka yi ta yabo.

Amma yabo ba ya biyan bashi. Dandalin yana cikin kwari, mai wucewa a babbar hanya ba ya hango shi, saboda haka kantunan ba su da masu saye sai mazauna kusa, su kuwa ba su da yawa. Kantin kayan abincin da aka buɗe ƙarami ne idan aka gwada da waɗanda ake ginawa a bakin manyan hanyoyi, daga baya ma ya tashi. Gidajen kuma, da yake fasalinsu sabo ne, ga tsada, ga su manne da juna a tsakiyar karkara, ba su yi kasuwa da sauri ba. Wani abin takaicin shi ne babbar hanyar da gwamnatin tarayya ta shimfiɗa zuwa filin jirgin sama na Dulles, wanda aka buɗe a 1962. Hanyar ta ratsa ta tsakiyar filin Simon, amma an keɓe ta ga masu zuwa filin jirgi kaɗai. Mutumin Reston yana kallon ta daga tagarsa, in zai tafi aiki Washington kuwa sai ya bi tsofaffin hanyoyin ƙauye. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan.

Kamfanin man fetur na Gulf, wanda ya ba da bashin dala miliyan 15 tun farko, ya karɓe aikin a 1967, ya kuma sallami Simon. A lokacin mazauna garin ba su kai 2,000 ba.

Shekarun Jira

Gulf ya koma gina irin gidajen da mai saye ya saba da su, garin kuwa ya ci gaba da girma. Tsakanin 1973 da 1974 hukumar binciken ƙasa da ma'adinai ta Amurka ta dawo da hedkwatarta Reston, abin da ya kawo ma'aikata masu yawa. Daga cikin dandali bakwai da aka tsara, biyar kawai aka gina, kuma na baya-bayan nan ba su yi kama da na Tafkin Anne ba: jerin kantuna ne suna fuskantar filin ajiye motoci, kamar ko'ina a Amurka. Na Hunters Woods ma, wanda aka fara ginawa da ɗan dandali a ciki, rushe shi aka yi a shekarun 1990 aka mayar da shi irin wancan jeri.

Abin da ya fi muhimmanci a wannan zamani, a ganinmu, shi ne abin da ba a yi ba. Filin da aka ware domin tsakiyar gari, mai faɗin eka 460, ya zauna fayau fiye da shekara 20. Da a hannun mutane 50 yake, kowanne da bashinsa da magadansa, da tuni an yanka shi an yi gidajen mai da kantunan bakin hanya. Kamfanin man fetur kuwa yana da aljihun da zai iya jira. Bai kamata mu ba su ladan hangen nesa fiye da kima ba, domin an yi ta zana manyan kasuwanni rufaffu a kan wannan fili, kuma da kasuwa ta yarda da an gina. Sai dai manyan kantunan da irin wannan kasuwa take dogara da su wasu sun riga sun kwashe su: an buɗe kasuwar Tysons Corner a 1968, ta Fair Oaks kuma a 1980, dukansu a gunduma ɗaya da Reston. Da ƙofar nan ta rufe, tilas aka nemi wata.

A 1978 kamfanin Mobil, shi ma na man fetur, ya sayi sauran filin da ba a gina ba daga hannun Gulf. A 1984 aka buɗe sabuwar hanya mai kuɗin wucewa a gefen waccan ta filin jirgi, wadda take da mashiga a Reston. Nan da nan ofisoshi suka fara tururuwa zuwa wannan yanki, filin da ya daɗe yana kwance ya zama abin nema.

Titin Kasuwa

Shawarar da Mobil ya yanke, tare da abokin aikinsa Kenneth Himmel da kamfanonin zane na RTKL da Sasaki, ita ce a koma ga tsohon fasalin gari: tituna masu giciye da juna, gine-gine a bakin titi daf da hanyar masu tafiya a ƙasa, kantuna a hawa na ƙasa, ofisoshi a sama, sararin sama kuma a buɗe. A watan Oktoba na 1990 aka buɗe kashi na farko a kan eka 20 kacal. Akwai benaye biyu na ofisoshi masu hawa 11, da otal na Hyatt mai ɗakuna fiye da 500, da gidan sinima, da kantuna da gidajen abinci a jere a kan titi guda da aka sa wa suna Titin Kasuwa. A tsakiya akwai dandali mai maɓuɓɓugar ruwa, daga baya kuma aka ƙara rumfar gilashi wadda ake wasan zamiya a kan ƙanƙara a ƙarƙashinta da hunturu, a yi kiɗa da bazara.

Akwai bambanci uku tsakanin wannan wuri da dandalin Tafkin Anne waɗanda suka cancanci a tsaya a kansu. Na farko, an bar mota ta ratsa Titin Kasuwa a hankali, ta kuma tsaya a bakin kanti. Masu tsarin 1965 sun ɗauka cewa kyautata wa mai tafiya a ƙasa shi ne a kori mota gaba ɗaya. Na 1990 suka ga cewa abin da ake bukata shi ne a rage mata gudu da faɗin hanya, domin ɗan kasuwa yana son mai wucewa ya ga ƙofarsa. Na biyu, ba a jira mazauna kusa su riƙe kantunan ba. Ma'aikatan ofis suna cika gidajen abinci da rana, baƙin otal da masu zuwa sinima da dare, iyalai kuma ranakun Asabar da Lahadi. Wannan shi ne abin da Jane Jacobs ta bayyana tun 1961 a littafinta kan manyan biranen Amurka, cewa titi ba ya raye sai in mutane daban-daban suna da dalilin bin sa a sa'o'i daban-daban. Na uku, kuma wanda aka fi mantawa da shi, shi ne dabarar filayen ajiye motoci. An kewaye kashin farko da su, har mai kallo daga sama zai ce ai wannan ma kasuwar bakin hanya ce. Amma an yanka filayen daidai da girman rukunin gine-ginen da ake sa ran yi nan gaba, tituna sun riga sun ratsa su. Duk lokacin da kasuwa ta nuna, sai a ɗauki fili ɗaya a kafa bene, motocin a mayar da su garejin hawa-hawa. A haka titin ya yi ta tsawo cikin shekara 20 da suka biyo baya.

Dole a faɗi wani abu a nan: a kashin farko babu gidan kwana ko ɗaya. Wurin da ake kafa misali da shi wajen cuɗanya gida da kasuwa ya fara ne a matsayin wurin da kowa yake zuwa da mota, ya ajiye ta, sa'an nan ya yi tafiyar ƙafa ta minti biyar. Benayen kwana sun zo ne daga baya, tun daga ƙarshen shekarun 1990, kuma da suka zo, masu hali ne suka iya shiga yawancinsu. Burin Simon na cewa mai ƙaramin albashi da mai babba su zauna unguwa ɗaya ya fi samun wuri a tsofaffin ƙauyukan garin, inda aka gina gidaje masu tallafin gwamnati tun zamanin farko. Duk da haka abin ya yi tasiri. An buɗe shi shekara 3 kafin a kafa ƙungiyar masu rajin sabon tsarin birane a 1993, kuma garuruwan gefen birni da yawa sun bi sahu, har wasu suka rushe rufaffun kasuwanninsu suka shimfiɗa tituna a gurbinsu, kamar yadda garin Lakewood na Jihar Colorado ya yi da unguwar Belmar, wadda aka fara buɗewa a 2004.

Titin na Wane Ne?

Reston ba ta da magajin gari, ba ta kuma da majalisar gari mai ikon yin doka. Hukumar gunduma ce take mulkinta, ƙungiyar masu gidaje kuma tana kula da tafkuna da hanyoyin ƙafa. Cibiyar garin kuwa tana da tata ƙungiyar dabam, kuma Titin Kasuwa da dandalinsa ba mallakar hukuma ba ne. Mobil ya sayar da hannunsa a 1996, gine-ginen suka yi ta sauya iyayen gida, har ya zuwa 2015 mafi yawan cibiyar ta koma hannun kamfanin Boston Properties.

Shekara 26 mutane suna ajiye mota kyauta, ba wanda ya damu da sanin mai wurin. A watan Janairu na 2017 kamfanin ya sa kuɗi, dala 2 a kowace awa a ranakun aiki, ana biya ta wata manhajar wayar hannu. Hujjarsa ita ce, tun da jirgin ƙasa na birnin Washington ya iso gabashin Reston a 2014, wasu suna barin motocinsu a garejin yini guda su tafi aiki wani wuri. Hujjar ba ta rasa tushe ba, kuma masana tsarin gari da yawa suna ganin ajiye mota kyauta yana cikin abubuwan da suke kashe tafiyar ƙafa. Amma mazauna garin suka fusata, dubbai suka sa hannu a takardar koke, aka yi zanga-zanga a watan Maris, 'yan kasuwa suka koka da raguwar ciniki, wani gidan abinci ma ya kai ƙara kotu. Kafin tsakiyar shekarar kamfanin ya sassauta, ya mayar da awa ta farko kyauta, haka kuma bayan ƙarfe 5 na yamma.

A ganinmu ba dala 2 ce ta tayar da mutane ba, domin mazauna wannan yanki suna cikin masu wadata a Amurka. Abin da ya ba su haushi shi ne ganewar da suka yi cewa wurin da suke kai 'ya'yansu kallon bikin ƙarshen shekara, suna kiransa tsakiyar garinsu, ba su da ƙuri'a a kansa. Da hukumar gari ce ta sa kuɗin, da sai a jira zaɓe. Shari'ar Amurka ma ba ta tsaya wuri ɗaya a kan wannan batu ba. A 1946 Kotun Ƙoli ta ce kamfanin da ya mallaki gari sukutum a Jihar Alabama ba shi da ikon hana mutum raba takardun wa'azi a bakin titinsa. A 1972 kotun ta ce mai rufaffiyar kasuwa yana iya hana raba takardu a cikin kasuwarsa. A 1980 kuma ta bar wa kowace jiha ta faɗaɗa wannan 'yanci in ta so. Cibiya irin ta Reston ta faɗo ne a tsakanin waɗannan hukunce-hukunce, tana da kamannin na farko da takardun mallakar na biyu. A Silver Spring ta Jihar Maryland, a ɗaya gefen Washington, an yi irin wannan ja-in-ja a 2007, lokacin da masu gadi suka hana wani mutum ɗaukar hoto a titin da hukuma ta ba kamfani haya, har mutane suka fito da kyamarorinsu ranar bikin 'yancin kai domin nuna rashin yarda.

Shi kuwa Simon ya dawo Reston a 1993, ya zauna a benen Heron House yana kallon dandalinsa na farko, bai kuma daina sukar jerin kantunan da aka gina da sunan cibiyoyin ƙauyuka ba har ya rasu a 2015 yana da shekara 101. A 2017 aka sa dandalin Tafkin Anne cikin rajistar wuraren tarihi ta ƙasa. Ƙidayar 2020 ta sami mutum kimanin 63,000 a garin, watau bai kai adadin da aka tsara masa tun farko ba. A watan Nuwamba na 2022 aka buɗe tashar jirgin ƙasa mai ɗauke da sunan cibiyar garin, amma an kafa ta ne a tsakiyar babbar hanyar nan ta filin jirgi, kimanin rabin mil daga maɓuɓɓugar ruwa, sai an hau gada an ƙetare layukan motoci kafin a sauko. Filin da yake tsakanin tashar da Titin Kasuwa, inda aka kafa sababbin benayen ofisoshi da na kwana, shi ma na Boston Properties ne.